Daga «haƙuri» zuwa «sanin ciwon kai»: kalmomin farfaɗowar mace bayan azabar miji, misalin Gaya

1. Gabatarwa

A 1996 masana halayyar ɗan Adam biyu na Amurka, Tedeschi da Calhoun, sun bayyana cewa wanda ya sha babbar wuya yana iya fitowa da ƙaruwa ta fuska biyar: ƙarfin zuciya, dangantaka da mutane, sabbin hanyoyin rayuwa, sanin darajar rai, da zurfin imani. A nan muna duba yadda Hausar da ake ji a Gaya, cikin jahar Doso, inda take zaune tare da Dandanci da Zabarmanci, take faɗin wannan ƙaruwa game da matar da miji ya gallaza wa.

2. Kalmomin zaman aure

Kalmar farko da mace ke ji ita ce «haƙuri». In dukan ya yi yawa, ta yi «yaji» zuwa gidan iyaye, miji ya yi «biko». Mu lura: «yaji» yana ɗauke da zaton komawa, don haka kalmar ba ta buɗe wata ƙofa sai ta ɗakin da aka baro.

3. Wa ke aikatawa?

Mu kwatanta:

(a) An sake ta.
(b) Ta kashe aurenta.
(c) Ta san ciwon kanta.

A (a) mace karɓau ce, an kuma ɓoye mai aikin. A (b) ita ce aikau, amma aikatau ɗin na zargi ne. A (c) kaɗai take aikau ba tare da tsangwama ba, kuma «ciwo» ya tashi daga ma'anar rauni ya koma ma'anar kula da mutunci. Wannan ne mafi kusa da «ƙarfin zuciya» na masanan nan.

4. Abin da magana ke dogara da shi

Jumla ta (c) tana bukatar jari da dangi. Asusun Mata Masu Dubara, da ƙungiyar CARE ta soma a Maraɗi a 1991, misali ne. A Gaya sana'ar mata da dama ta dogara ga kasuwar Malanbil da ta Kamba, sai ga rufe gadar Benin a 2023 ya taɓa wannan hanya.

5. Kammalawa

Ba mu ce duka makaranta ne ba. Ƙaruwar daga ƙoƙarin macen take fitowa, kuma tana iya zama tare da tsoro da rashin barci. Shawararmu ga tafintoci a kotu da asibiti: kada a gaggauta ce wa mai ƙara «ki yi haƙuri», domin a kunnenta ma'anarsa «ki koma».