Kusheyin Da da Wanda Zai Tsare Su

Wanda ya tashi a Ɗanzomo ko Maigatari, ƙasar rairayi, zai yi mamakin ganin kabarin da aka gina da tulin duwatsu. Amma a Azbin da Tenere, arewacin Nijar, irinsu suna da yawa, wasu sun girmi zuwan Musulunci da dubban shekaru. A Senegal da Gambiya kuwa manyan duwatsu aka sassaƙa aka kafa kewaye da kaburbura, UNESCO ta sa su cikin kayan tarihin duniya a 2006.

Namu na ƙasar Hausa shi ne Durɓi Takusheyi, a ƙaramar hukumar Mani ta Jihar Katsina, inda aka binne sarakunan Durɓawa ƙarƙashin tuddan ƙasa. Baturen mulki Palmer ya haƙa wurin a 1907. A 1992 Dierk Lange na Jami'ar Bayreuth da hukumar gidajen tarihi ta Najeriya suka sake tonawa, suka samu kayan ado na zinariya da hauren giwa da wuri da tasar tagulla daga Gabas ta Tsakiya. Wannan shaida ce mai ƙarfi ta kasuwancin Sahara. An kai kayan Jamus don gyara, aka dawo da su a 2014.

Abin tsoro shi ne masu haƙa a ɓoye don sayarwa, kamar yadda aka wawashe makabartun Bura a Nijar. Da zarar an ciro kaya ba tare da rubuta inda ya kwanta ba, tarihinsa ya tafi. Doka kaɗai ba ta isa ba, sai mai unguwa da manoman da gonakinsu ke maƙwabtaka da wurin sun sa ido.