MU ƘERA POMPON ZUBA MAI, MU BAR ZUƘA DA BAKI

Ƴan uwa manoma, yau kusan kowane gari akwai injin mai shan mai. Akwai babur, akwai motar kasuwa, akwai injin niƙa. Masu garake na Galmi da na Jiratawa suna ban ruwa da inji. Tun shekara ta 2011 ake tace mai a Damagaram. Amma gidan mai shina da nisa da ƙauyukanmu. Shi ya sa muke sayen esansi da gazuwal cikin bido, mu kai gida ko garka.

Wahala tana wajen zubawa. Bido mai lita 25 shina da nauyi. In an ɗaga shi, mai shi kan zube ƙasa. Sai mutum shi sa tiyo cikin bido, shi zuƙa da baki. Wannan al'ada tana da haɗari ƙwarai. Yau za mu ga yadda ake ƙera ƙaramin pompo da kayan da ke garinmu.

ME YA SA ZUƘA DA BAKI BA TA DA KYAU?

Esansi ba shi da kauri kamar man gyaɗa. In ya shiga baki, nan da nan shi kan sarƙe mutum. Ko kaɗan ne ya sauka cikin huhu, shina ƙona shi. Daga nan sai tari, sai zazzaɓi, sai numfashi shi yi wuya. Wani lokaci ciwon ba shi fitowa sai bayan awa da yawa. Babba na iya kwanciya, yaro na iya mutuwa.

Akwai hasara kuma. Mu yi lissafi. In kowace rana rubu'in lita na zubewa ƙasa, cikin kwana 4 lita 1 ta tafi. Cikin kwana 100 na noman rani, lita 25 ke nan. Bido guda cur ya shige ƙasa, bai ba albasa ruwa ba.

KAYAN DA AKE BUKATA

1. Bido mai ƙarfi, wanda bai tsage ba. Na ƙarfe ko na roba mai kauri da aka yi don mai ya fi. Bidon da rana ta cinye ba shi aiki.

2. Marfi biyu masu shiga bakin bidon. Guda na rufewa, guda na pompo.

3. Tiyon mai, tsawon mita 2, kaurin ɗan yatsa. A saye shi wurin masu gyaran mota ko babur. Tiyon ruwa ba shi jimre esansi, shina bushewa shi tsage.

4. Bawul na keke, wato ɗan ƙarfen da ake sa iska ta cikinshi. A cire shi daga tsohuwar robar cikin ƙafar keke. A zaɓi mai noti, wanda ake murɗawa.

5. Pompon keke na hannu.

6. Guntun fata daga wurin baduku, da sabulu mai tauri, da ƙusa babba, da awartaki.

YADDA AKE HAƊA SHI

Da farko a wanke marfin pompo, a shanya shi ya bushe. A tafi da shi nesa da inda mai yake. Kar a huda marfi shina bisa bido.

A kama ƙusa da awartaki, a sa ta wuta ta yi ja. A huda marfi wuri 2. Ƙaramar huda ta bawul ce, babba ta tiyo ce. Hudar tiyo ta ɗan kasa tiyon faɗi, don shi shiga da ƙyar. In hudar ta yi faɗi, iska za ta fita, pompo ba zai yi aiki ba. Wanda bai iya ba, shi kai ma maƙeri.

A yanka fata kamar zobe, guda 2. A zura bawul daga cikin marfi, kanshi na waje. Zobe guda daga ciki, guda daga waje. Sai a murɗa noti shi matse sosai. Fata ta fi robar keke, don esansi na kumbura robar.

A yanke bakin tiyo a karkace. A tura shi ta babbar huda har shi kusa gindin bido. A bar tsakani kamar faɗin yatsa 2. Ga dalili: ruwa ya fi mai nauyi. Ruwa da ƙasa suna kwanciya a gindin bido. In tiyo bai taɓa su ba, ba za su shiga inji ba.

A jiƙa sabulu kaɗan, a shafe kewayen tiyo da kewayen bawul. Esansi ba shi narkar da sabulu. Ga pompo ya haɗu.

YAYA YAKE AIKI?

Ku tuna da zugazugin maƙeri. In an danna, iska sai ta nemi hanyar fita. Haka nan ne a nan. Pompon keke na tura iska cikin bido. Bawul na hana ta komawa. Iskar sai ta danne mai daga bisa. Mai ba shi da hanya sai tiyo. Sai shi hau, shi faɗa cikin tanki, ko da tankin ya ɗan fi bido tsawo.

Iska kaɗan ta isa. Don mai shi hau mita 1, ba a bukatar ko kusa da iskar da ake sa ma ƙafar keke.

A GWADA DA RUWA TUKUNA

Sai an gwada akan san na ƙwarai. A sami wani bido mai baki iri ɗaya, a cika shi da ruwa. A ɗaura marfin pompo, a buga iska. In ruwa ya fito ta tiyo, aiki ya yi. In an ji iska na tsiyaya, a ƙara matse noti. Bayan gwaji a rataye tiyo shi bushe sarai, a sake shafa sabulu. Ruwa cikin mai shina kashe inji.

YADDA AKE ZUBA MAI

1. A kashe inji, a bari shi huce.

2. A aje bido bisa ƙasa, a fili, inda iska ke bugawa. Ba cikin ɗaki ba, ba cikin mota ba.

3. A cire marfin rufewa, a ɗaura marfin pompo.

4. A sa bakin tiyo cikin tanki, shi jingina da bakin tankin. Mutum guda shi riƙe.

5. A buga iska sannu sannu. Da mai ya fara gudu, a tsaya. In gudun ya rage, a ƙara bugu 1 ko 2.

6. In an ga cikin bido ya fara kumbura, iska ta yi yawa. A tsaya nan take.

7. Tun tanki bai cika ba, a kau da fuska, a sassauta marfi kaɗan. Iska za ta fita, mai shi daina hawa.

8. A ɗaga bakin tiyo sama da bido, sauran mai shi koma ciki. In an aje tiyo ƙasa, mai zai ci gaba da zuba shi kaɗai.

9. A maida marfin rufewa. Ba a tafiya da bido da marfin pompo bisa kanshi.

ABUBUWAN DA BA A YI

Kar a sa iska da injin masu faci. Ƙarfinshi na iya fasa bido.

Kar a buga iska cikin tankin mota ko na babur don a fitar da mai.

Kar a jawo esansi da ƙaramin pompon ruwa mai aiki da batir. Shina tartsatsi, kuma tartsatsi guda ya isa.

Kar a yi gazuwal da esansi da tiyo guda. Kowane da nashi. A ɗaura ma tiyon esansi jan zare don a gane shi.

Kar a sake zuba ruwan sha cikin wannan bido. Kar a aje mai cikin kwalbar lemu, yara na tsammani abin sha ne.

HATTARA DA WUTA

Tururin esansi shi ne ke fara kama wuta. Ya fi iska nauyi, shina bin ƙasa, ido ba shi ganinshi. Shina iya kai wa ga murhu ko fitila da ke can gefe. Saboda haka ba taba, ba ashana, ba fitilar kananzir, ba wutar shayi. A zuba mai da rana. A kori yara.

Mu tuna abin da ya faru a Yamai cikin watan Mayu na 2019. Wata babbar motar mai ta faɗi kusa da filin jirgin sama. Mutane suka taru ɗibar mai. Wuta ta tashi, fiye da mutum 50 suka rasu. Allah shi jiƙansu. In motar mai ta faɗi, mu nisance ta.

A aje bokitin rairayi kusa da wurin zuba mai. Ba a kashe wutar esansi da ruwa. Mai na hawa bisa ruwa, wutar ta ƙara yaɗuwa. In ƙarama ce, a rufe ta da rairayi. In ta yi yawa, a gudu, a kira mutane.

IN WANI YA HAƊIYE MAI

Kar a sa shi amai. Kar a ɗura mishi madara ko manja. Amai na maida mai cikin huhu. A fitar da shi inda iska take. A tuɓe rigar da ta jiƙe da mai, a wanke jiki da ruwa da sabulu. In ya shiga ido, a yi ta wanke idon da ruwa mai tsabta. Sannan a kai shi gidan likita ba da jinkiri ba, ko da ya ce ya ji sauƙi.

MU TATTAUNA A MAKARANTA

1. Me ya sa tiyo ba shi taɓa gindin bido?

2. Me ya sa ba a kashe wutar esansi da ruwa?

3. In rabin lita na zubewa kullum, lita nawa ke nan cikin kwana 30?

Ƴan uwa, rigakafi ya fi magani. Ku nemi marfi, ku nemi tiyo, ku haɗa pompo guda tare da malaminku. Ku gwada shi da ruwa gaban kowa. Wanda ya iya karatu shi karanta ma maƙwabcinshi mai garka.