Raunin tayroid da larurar cin abinci: yadda nake riƙe da su biyun

Yau zan yi magana a kan abin da nake rayuwa da shi, wato raunin tayroid, a daidai lokacin da nake murmurewa daga larurar cin abinci. Ni ba likita ba ce. Abin da likitocina suka koya mini da abin da na gani a jikina zan faɗa muku.

Tayroid wata 'yar tsoka ce a gaban wuya, mai siffar malam-buɗe-littafi. Ita ce in ta kumbura muke cewa maƙoƙo. Aikinta samar da sinadarai biyu, T4 da T3, masu tsara saurin aikin jiki. Daga ƙwaƙwalwa kuma ake aiko mata da TSH, kamar ɗan aike mai cewa "ƙara ƙoƙari". Shi ya sa in ta yi rauni, TSH ke hawa a gwajin jini. Manyan dalilan raunin biyu ne: ƙarancin aidin a abinci, da cutar Hashimoto, inda garkuwar jiki ke kai wa tayroid hari. Wani likitan Japan, Hakaru Hashimoto, ya fara bayyana ta a 1912, kuma ita ce tawa.

Larurar cin abinci kuwa, kamar anoreksiya da bulimiya, ba iyayi ba ne, ba kuma "cutar Turawa" ba ce. Ciwo ne da ke sa mutum ya riƙa hana kansa abinci, ko ya ci ya amayar, saboda tsoron ƙiba ya mamaye tunaninsa.

To ga inda gizo ke saƙa. Alamomin biyun kusan iri ɗaya ne: gajiya, jin sanyi, zubewar gashi, bushewar fata, taurin bayan gida, bugun zuciya a hankali, rikicewar al'ada. Jikin da ya daɗe da yunwa yakan rage juya T4 zuwa T3 da gangan, don ya yi tattalin ƙarfinsa. Sai gwaji ya nuna T3 ya yi ƙasa alhali tayroid ɗin lafiyarta lau. Maganin wannan abinci ne, ƙwaya ba ta gyara shi. Kuma in an fara ci sosai, TSH kan ɗan hau na wani lokaci kafin ya daidaita. Don haka ki gaya wa likita gaskiyar yadda kike ci, in ba haka ba zai karanta sakamakon a baibai.

Sai maganin kansa, levothyroxine. Ana shan sa da ruwa, cikin mutum babu komai, a jira minti 30 zuwa 60 kafin karin kumallo. Maganin ƙarin jini da na kalsiyam a ba su tazarar awa 4. Ga mai larura irin tawa, wannan jiran tarko ne, domin muryar nan ta cikin kai sai ta ce, "ai likita ne ya ce kar ki ci." Minti 30 ya koma azahar. Abin da ya taimake ni, na sa ƙararrawa a waya, tana bugawa zan zauna in karya, ko ina jin yunwa ko ba na ji. Wasu kuma likita kan mayar musu da shi dare, bayan awa 3 da cin abincin ƙarshe. Mai fama da amai ta faɗa, don ƙwayar na iya fita kafin jiki ya tsotse ta.

Wannan kuma ku saurara da kyau: levothyroxine ba maganin rage ƙiba ba ne. Ƙara shi fiye da ƙima na rikita bugun zuciya, yana cinye ƙashi, kuma yunwa ta riga ta raunana zuciyar da ƙashin. In kin san zuciyarki za ta raya miki ki ƙara, ki ba wa wanda kika yarda da shi ya ajiye miki, ya riƙa ba ki na rana ɗaya.

Yawan maganin yana tafiya da nauyin jiki, don haka jiki na dawowa, ana iya canza shi. Ana sake gwaji bayan sati 6 zuwa 8 da kowane canji. Ni in za a auna ni, baya nake juya wa sikeli, nas ta rubuta, ba sai na ga lambar ba. Mai shan biyotin don gashi ta sanar kafin gwaji, yana ɓata sakamako.

Sai masu ba da shawara a TikTok: bar alkama, bar kabeji, bar gero, bar rogo. Gaskiya ne gero da rogo na ɗauke da abubuwan da ke iya takura wa tayroid, amma haɗarin ya fi yawa inda aidin ya yi ƙaranci kuma su ne kusan abincin kullum. Ga mai amfani da gishiri mai aidin, tana shan maganinta, fura da kunu ba abokan gaba ba ne. Alkama kuwa sai in gwaji ya nuna hanjinki ba ya jure ta. Kowane jerin "kar ki ci" itace ne a wutar larurar nan.

Batun azumi, ki zauna da likitanki tun kafin watan ya kama. Marar lafiya an yi masa rangwame.

In akwai mai wannan hali a gidanku, don Allah a daina "kin yi ƙiba" da "kin rame". A tambaye ta yaya barcinta, yaya ƙarfin jikinta, a raka ta asibiti, a nemi a haɗa ta da likitan ƙwaƙwalwa da masanin abinci. Suma, ciwon ƙirji ko bugun zuciya da ya rikice, wannan na gaggawa ne, ba a kwana da shi.

Ku ajiye tambayoyinku a ƙasa, za mu taɓo su a shiri na gaba in Allah ya kai mu. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya.