Duniyoyin da har yanzu ake ginawa

'Yan'uwa da ɗalibai, a darasin Larabci mukan raba najmu da kaukabu yadda masana falaki na yau suke raba su. Najmu tauraro ne mai wutar kansa, kamar rana. Kaukabu kuwa duniya ce mai kewaya tauraro, haskenta na aro ne. Mafi girma cikin masu kewaya ranarmu shi ne Mushtari, wanda nauyinsa ya ninka na duniyarmu sau 318, amma ba shi da doron da za a taka. Iska ce ta dunƙule, mafi yawanta haidirojin.

To, hango irinsa a gefen wani tauraro can nesa ba ƙaramin aiki ba ne. Kamar a ce mutum ya gano ƙyallin ashana kusa da fitilar babbar mota cikin dare. Shi ya sa masu bincike suka karkata ga taurari masu ƙarancin shekaru. Sabuwar duniya tana nan da zafinta, kamar tukunyar da aka fito da ita daga wuta, tana fitar da wani haske na ɗumi wanda ido ba ya gani amma na'ura tana kamawa. In ta tsufa ta huce, sai ta dushe.

Akwai tauraron da ake kira PDS 70 (sunan dai ba daɗin ji). Shekarunsa kusan miliyan 5 ne, alhali ranarmu ta kai miliyan 4,600, kun ga ai jariri ne. Haskensa yakan yi kimanin shekara 370 kafin ya iso gare mu. Faifan ƙura da iska ya kewaye shi, da wawakeken giɓi a ciki. A 2018, da babban madubin hangen nesa na hamadar Atakama a ƙasar Chile, aka tare hasken tauraron yadda mutum kan tare rana da tafin hannu, sai ga duniya cikin giɓin. A 2019 aka ga ta biyu. Kowace ta fi Mushtari nauyi, kuma har yanzu suna haɗiyar iskar da ke kusa da su. Su ne suka share giɓin.

Abin da ya fi ba mu mamaki ya zo a 2021, da na'urorin ALMA suka nuna ƙaramin faifan ƙura yana kewaye da ta biyun ita kanta. Masana suna ganin daga irin wannan faifan watanni suke samuwa, kamar manyan nan huɗu na Mushtari da Galileo ya hango a 1610.