Shakespeare Ma Sai Da Sharhi

MAIDUGURI — Duk wanda ya yi karatun zaure a unguwar Limanti, kusa da fadar Shehun Barno, ya san kamannin littafi mai daraja: matani a tsakiya, sharhi a gefe da ƙananan rubutu. Al'adar tsohuwa ce a ƙasar Barno, domin akwai Alƙur'ani rubutun hannu mai ɗauke da shekarar 1669, wanda aka bi layukansa da fassarar tsohon Kanembu.

To, Turawan Ingila ma irin wannan hidima suka yi wa William Shakespeare, babban marubucinsu na wasan kwaikwayo. Mutumin ya rasu a 1616 bai tattara wasanninsa wuri ɗaya ba. Abokan sana'arsa biyu, John Heminges da Henry Condell, su ne suka haɗa guda 36 aka buga a Landan a 1623. Ba don su ba, da wajen 18 sun salwanta, har da Macbeth da Julius Caesar.

Amma fa bugun farko bai raba gardama ba. Masu ɗab'i sun yi kurakurai, kuma wasa ɗaya yakan zo da fuska biyu ko uku. Hamlet kaɗai yana da bugun 1603 da na 1604 da na 1623, na farkon kuwa bai fi kusan rabin na biyun ba. Wanne ne na marubucin?

Irin wannan tambaya ce jerin littattafan Arden Shakespeare ke ƙoƙarin amsawa. Kamfanin Methuen ya fara su a 1899 da Hamlet, wanda Edward Dowden ya tace. Arden sunan wani daji ne kusa da garinsu Shakespeare, kuma sunan gidan su mahaifiyarsa ke nan. A kowane shafi matani na sama, a ƙarƙashinsa an nuna inda tsofaffin bugu suka saɓa, an kuma warware kalmomin da Turawan yanzu ma ba sa ganewa. An sake aikin daga 1951 zuwa 1982, aka kuma sake daga 1995 zuwa 2020. Da aka zo kan Hamlet a 2006, masu tacewar ƙin gauraya fuskokin ukun suka yi, suka buga kowace daban, watau mai karatu ya yi wa kansa alƙalanci.

Mu ma ba a bar mu a baya ba. A 1971 kamfanin NNPC na Zariya ya buga Daren Sha Biyu, fassarar Twelfth Night ta marigayi Ibrahim Yaro Yahaya. Sai dai ɗalibin da zai rubuta jarrabawar adabin Turanci ta WAEC da Turancin shekaru 400 zai yi kokawa, fassara kaɗai kuwa ba ta fid da shi. Ya kamata malaman Jami'ar Maiduguri da na Bayero su ɗauki ko da wasa ɗaya ne, su bar matanin da Turancinsa, su yi masa sharhi da Hausa a ƙasan shafi.