Ko Kun Sani? Ɗanyen Kifin Japan Kan Yi Watanni a Daskare

Kifin tuna da Japanawa ke yankawa falle-falle su ci ɗanye, wato sashimi, ba lallai jiya aka kama shi ba. Da yawansa tun cikin jirgin ruwa ake daskarar da shi a digiri 60 ƙasa da sifiri, ya yi watanni kafin ya iso kasuwar Toyosu ta Tokyo. Dalilin wannan tsananin sanyi kuwa, sanyin firjin gida ba ya riƙe jan naman, a hankali yake dusashewa.

Gwanintar tana wajen narkarwa. Akan tsoma yankan cikin ruwan ɗumi mai gishiri kamar na teku, minti ɗaya ko biyu, a tsane shi, a naɗe da takarda mai tsotse ruwa, a sa a firji ya saki da kansa. Mai gaggawar da ya bar shi a sarari, ruwan naman zai tsiyaye, daɗin ya bi shi.

Daskarewa tana kashe tsutsar Anisakis mai murɗa ciki: awa 24 a digiri 20 ƙasa da sifiri, bisa ƙa'idar Japan da Tarayyar Turai. Gishiri da wasabi, yajin da ake cin sashimi da shi, ba sa kashe ta. Bakteriya kuwa, sanyi kwantar da su kawai yake yi.