Rumbun Zafin Rana a Warzazat

Zancen kimiyya na wannan mako ya shafi manyan tashoshin da a ke ginawa a ƙasashe masu zafin rana don samun wutar lantarki.

Duk wanda ya taɓa riƙe gilashin ƙara girman rubutu a rana ya san abin da ke faruwa. Hasken ya kan taru wuri guda, kafin a jima takarda ta soma hayaƙi. Asalin dabarar ke nan, ba kuwa sabuwa ba ce. Tun cikin 1913 wani Ba'amurke, Frank Shuman, ya jera madubai masu lanƙwasa a Ma'adi, kusa da Alƙahira, ya tafasa ruwa da su, tururin ya juya injin da ke ɗebo ruwan Nilu zuwa gonaki. Yaƙin Duniya na Farko ya ɓarke, daga baya man fetur ya yi araha, aka watsar da aikin.

Bayan shekara ɗari sai ga Maroko ta ɗauko shi gadan-gadan. Ƙasa ce da ba ta da man fetur ko kwal na a-zo-a-gani, galibin abin da ta ke ƙonawa sayo shi ta ke yi daga waje, amma Allah ya hore mata rana. Saboda haka ta gina wata tasha a Warzazat, kudu da duwatsun Atlas, a bakin hamada, aka sa mata suna Nur, watau haske. Sarki Muhammadu na Shida ya buɗe sashen farko cikin Fabrairun 2016, mai ƙarfin megawat 160. Megawat ɗaya kuwa ya isa ya kunna ƙwan lantarki 10,000 masu wat ɗari-ɗari.

A wannan sashe madubai ne jere sahu-sahu, kowane da siffar kwamin shayar da dabbobi, suna juyawa a hankali suna bin rana daga gabas zuwa yamma. Ta tsakiyar kowane sahu bututu ya ratsa, da wani irin mai a cikinsa. Hasken ya kan taru kan bututun har man ya kusa kai digiri 400, alhali ruwa a digiri 100 ya ke tafasa. Man ya tafasa ruwa, tururi ya juya inji, lantarki ya samu.

Amma kama rana ba shi ne mai wuya ba. Inda gizo ke saƙar shi ne, ba a fi bukatar lantarki ba sai bayan magariba, sa'ad da kowane gida ya kunna fitila, ga rana kuwa ta riga ta faɗi. Maganin da masana su ka samo shi ne gishiri. Ba gishirin miya ba ne, wasu iri biyu ne a ke gaurayawa, ɗaya daga cikinsu ma shi ne wanda a ke haɗa albarushi da shi. In ya yi zafi ƙwarai sai ya narke ya kwarara kamar ruwa, ya kan kuma daɗe bai huce ba. Da rana a ɗumama shi a tara cikin wani ƙaton tanki, tamkar yadda manomi ke cika rumbu da kaka. Da dare a ɗebi zafinsa a tafasa ruwa, shi kuma ya koma tanki na biyu ya jira gari ya waye. Sai dai ba a barinsa ya huce sarai, gama in ya sauko kusa da digiri 220 daskarewa ya ke yi, ya toshe bututu.

Rumbun sashen farko na sa'a 3 ne kawai. Sashe na biyu da na uku, waɗanda aka gama cikin 2018, kowane ya kan kai wajen sa'a 7. Na ukun nan abin kallo ne. Hasumiya ce mai tsawon kusan mita 250, madubai fiye da 7,000 sun kewaye ta, dukansu suna haska ƙololuwarta, inda gishirin ke wuce digiri 500. Irin wannan zafi ba ya barin ƙarfe ya zauna lafiya. Cikin 2024 tankin gishirin ya yi yoyo, sashen ya tsaya cik har fiye da shekara guda.

Ga kuma batun ruwa, wanda masu yabon tashar ba su cika ambatarsa ba. Madubin da ƙura ta rufe ba ya tara haske, tilas a riƙa wanke shi, sashen farko kuma da ruwa a ke sanyaya tururinsa. Daga madatsar Mansur Eddahbi a ke jawo ruwan, a yankin da manoma su ma ke kukan ƙarancinsa. Sashe na biyu da na uku da iska a ke sanyaya su, wannan kuwa ya rage shan ruwan ƙwarai.

Har wa yau madubai sun sami kishiya. Faifan nan baƙi da a ke gani bisa rufin gidaje yana mai da haske lantarki kai tsaye, ba tururi ba inji, kuma tsakanin 2010 da 2020 kuɗinsa ya faɗi da wajen kashi 90 cikin 100. Da shi Masar ta gina babbar tasharta ta Benban, kusa da Aswan, wadda aka gama cikin 2019, da shi kuma aka yi sashe na huɗu a Warzazat ɗin kanta. Aibinsa ɗaya, ba shi da rumbu, da faɗuwar rana ya ke yin shiru, sai fa in an haɗa shi da manyan batura.